Ƙwayar Iri In Ta Farka Ba Ta Komawa Barci

Ga shi bazara ta kankama, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Masu gona sun gama sharar gona, an kai taki, an ɗauko sungumi an gyara masa ƙota. A irin wannan lokaci hankalin kowa yana sama ne, ana duban gajimare. To ni a wannan mako so nake mu sunkuyar da kai ƙasa, mu dubi ƙwayar da za mu jefa cikin rami, domin sau da yawa tun daga gare ta ake yin asarar damina, tun ba a yi noman firi ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani abu da na gani da idona. Bara waccan na je ƙauyenmu ganin gida a farkon damina, na iske wani baffana, dattijon da ya fi shekara arba'in yana noma, zaune a bakin gona ya yi tagumi. Ya shuka gyaɗa tiya goma sha biyu, an kuwa yi ruwa mai kyau, amma bayan kwana goma sai ga kunyoyin duk giɓi, nan tsiro ɗaya, can biyu, sauran wuri fayau. Na ce, "Baffa, me ya sami gonar?" Ya ce, "Ɗana, ban sani ba. Da na ce ɓera ne, daga baya na ce ko ruwan ne bai ratsa ba." Muka sa hannu muka tona ramuka kamar ashirin. Ƙwayoyin suna nan inda aka jefa su, babu abin da ya ɗauke su, sai dai sun kumbura, sun yi baƙi, sun ruɓe. Da na bincika sai ya gaya mini tun da kaka ya sa aka ɓare gyaɗar, ya ɗura ta cikin leda ba ta gama bushewa ba, ya jingine ta a ɗaki mai rufin kwano har wata bakwai. Ashe gawa ya kai gona ya binne, bai sani ba. Kafin ya sami kuɗin sayen wani iri an yi mako uku, ga tsada, ga damina ta yi nisa.

Abin Da Ke Cikin Ƙwaya

Kowace ƙwayar iri abu ne mai rai, ko da yake a ido kamar tsakuwa take. Wanda yake son ya tabbatar, ya jiƙa wake ya kwana, da safe ya ɓare shi. Zai ga ɓari biyu, a tsakaninsu kuma ga wani ɗan abu manne a gefe, mai tsini a ƙasa da 'yan ganye biyu mitsi-mitsi a sama. Wannan shi ne ɗan tsiron, watau shukar kanta tun tana jaririya. Tsinin shi zai zama saiwa, 'yan ganyen su za su zama kai. Ɓari biyun nan kuwa guzurinsa ne, fatar da ta lulluɓe su kuma ita ce rigarsa. A hatsi, kamar gero da dawa da masara, ɗan tsiron yana can gefe guda wajen gindin ƙwaya, sauran ƙwayar duk gari ne, kuma garin nan da muke yin tuwo da shi, asalinsa guzurin ɗan tsiro ne.

Muddin ƙwaya tana bushe, ɗan tsiron barci yake yi. Yana numfashi, amma kaɗan ƙwarai, yana kuma cin guzurinsa a hankali ta yadda zai daɗe bai ƙare ba. Barcin nan yana iya yin tsawon da zai ba mutum mamaki. A shekarar 2005 an shuka ƙwallon dabino da aka tono a tsohuwar ganuwar Masada, kusa da Tekun Gishiri, wanda ya yi kimanin shekara 2,000, ya kuwa tsira ya zama itace. A jihar Mishigan ta Amurka wani malamin ilmin tsirrai mai suna William Beal ya binne kwalabe cike da yashi da irin ciyayi a 1879, ya bar wasiyya a riƙa tono ɗaya lokaci lokaci. Da aka tono wata a 2021, bayan shekara 142, wasu daga cikin ƙwayoyin sun tsira. Amma kada wannan ya ruɗi manomi. Waɗancan sun daɗe ne don irinsu mai jure zama ne, ko kuwa don sun sami wuri busasshe. Gyaɗa da waken suya, saboda man da ke cikinsu, da irin albasa, ba su da wannan juriya, a ɗaki mai zafi da laima sukan lalace kafin shekara ta zagayo. Ƙwallon kaɗe da 'ya'yan darbejiya sun fi su rauni, 'yan makonni kawai suke yi su mutu in ba a shuka su ba.

Masana ajiyar iri suna da wani lissafi na kusa-kusa. Sun ce duk sa'ad da aka rage laimar da ke cikin ƙwaya da kashi 1 cikin 100, ko aka rage zafin wurin ajiya da kimanin digiri 5, to tsawon ran ƙwayar yakan ninka. Saboda haka ne babbar ma'ajiyar iri ta duniya da aka buɗe a 2008 a tsibirin Svalbard na ƙasar Norwe take cikin dutse, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Nan gida ma, cibiyar IITA ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana ajiye da irin wake fiye da kala 15,000 a ɗakunan sanyi. Manomi ba shi da ɗakin sanyi, amma kakanninmu da suke rataye zangarniyar iri a inuwa inda iska ke ratsawa, suna barin gyaɗa cikin ɓawonta sai gab da shuka, suna cuɗa wake da toka, wannan lissafin suke bi ko da ba su rubuta shi ba. Leda da ɗakin kwano su suka kashe gyaɗar baffana.

Yadda Take Farkawa

Abu uku ne suke tashin ƙwaya daga barci: ruwa, da iska, da ɗumi daidai gwargwado. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su wadatarwa.

Ruwa shi ne na farko. Ƙwaya takan tsotse shi ta kumbura, masara sai ta sha kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyinta kafin ta motsa, waken suya kuwa sai ya sha kusan rabin nauyinsa. Da ruwan ya ratsa, sai ɗan tsiron ya aika da wani sinadari zuwa cikin guzurin, wannan kuma ya sa a fitar da waɗansu sinadaran masu narkar da sitaci su mai da shi sukari, domin jariri ba ya cin tuwo sai abu mai ruwa-ruwa. Matanmu sun san wannan tun ba yau ba. Mai yin kunun zaƙi da take jiƙa shinkafa ta bar ta ta yi tsiro, sa'an nan ta niƙa ta zuba cikin kunu ya tsinke ya yi garɗi, aikin waɗannan sinadaran ta ara.

Na biyu iska. Ƙwayar da ta farka numfashinta yakan ƙaru ninki-ninki, tana bukatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya kwanta a gona ya cike waɗannan kafofi, sai ƙwaya ta shaƙe ta ruɓe, kamar yadda mutum zai nutse a kogi. Shinkafa ce kaɗai cikin hatsinmu take iya tsira ƙarƙashin ruwa marar zurfi. Wannan ya sa ake yin kunya a ƙasa mai riƙe ruwa.

Na uku ɗumi, kuma kowane iri da nasa gwargwado. Gero da dawa da wake suna son ƙasa mai ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 35. Alkama ta fi son sanyi, shi ya sa masu noman rani a Kadawa da kwarin Haɗejiya suke shuka ta cikin Nuwamba zuwa farkon Disamba, sa'ad da hunturu ya shigo. Masu lambu kuma sun san irin latas yakan ƙi fitowa in zafi ya haura digiri 30, ba don ya mutu ba, sai don ya ƙi tashi.

In waɗannan uku sun haɗu, abin da yake fara huda ɓawo shi ne saiwa, ba kai ba. Ko ta yaya ƙwaya ta kwanta cikin rami, a miƙe ko a kife, saiwa ƙasa za ta nufa, domin a bakinta akwai waɗansu ƙwayoyin sitaci masu nauyi da suke gangarawa gefen da ke ƙasa, su nuna mata hanya. To a nan ne maganar take, ina roƙon mai karatu ya riƙe ta. Kafin saiwa ta fito, ƙwayar da ta jiƙa tana iya sake bushewa ta jira. Amma da zarar saiwa ta leƙo, ƙofa ta rufe a bayanta. Daga nan ko dai ta ci gaba da samun laima har ta kafu, ko kuwa ta bushe ta mutu. Babu komawa barci.

Wannan shi ne haɗarin ruwan farko. Masu yin binne, watau shukar gero cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ba su cikin haɗari muddin ƙasar tana bushe. Abin tsoro shi ne ɗan ruwan da zai isa ya tashi ƙwaya amma bai isa ya raine ta ba, sa'an nan a ɗauke kwana goma. A irin wannan lokaci fuskar ƙasar jigawa da tsakar rana takan haura digiri 50, ɗan tsiron gero kuwa sai ya ƙone kamar an sa masa wuta. Masu binciken yanayi na yankin Sahel sukan ƙidaya cewa damina ta sauka ne in an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi farin da ya wuce kwana bakwai ba cikin wata guda da ya biyo baya. Sharaɗi na biyu ba mai iya saninsa sai daga baya, amma na farko kowa yana iya aunawa: ka tona ƙasa da hannu, in laima ba ta kai zurfin taƙi guda ba, ka haƙura. Ya kamata kuma a riƙa sauraron hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara.

Tafiya Zuwa Haske

Bayan saiwa sai kai. Daga rami zuwa fuskar ƙasa tafiya ce cikin duhu, kuma da guzuri kaɗai ake yinta, domin tsiro ba ya iya haɗa abincinsa sai ganyensa ya ga rana. Gero da dawa da masara sukan fito kamar allura, ganyen yana naɗe cikin wani kube mai tsini da yake huda ƙasa, sai ya iso haske sa'an nan ya tsage. Wake kuwa da wuya yake fitowa, a lanƙwashe kamar ƙugiya, yana jawo ɓari biyun nan a bayansa don kada ƙasa ta karya kan, sai ya fito sarari ya miƙe. Gujiya tana barin nata ɓarin a ƙasa. Wanda ya duba gonar wake bayan mako biyu zai ga ɓarin sun yamushe sun faɗi, to guzuri ya ƙare ke nan, an yaye shuka. Masara takan dogara ga ƙwayarta har ta yi ganye kamar uku.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa zurfin rami ba abin wasa ba ne. Ƙwayar masara guda ta fi ƙwayar gero nauyi fiye da sau ashirin, saboda haka guzurinsu ba ɗaya ba ne. Gero yana son zurfin santimita 2 zuwa 3, watau kamar gaɓar yatsa guda. Dawa ta ɗan fi haka kaɗan. Masara da gyaɗa da wake suna son kamar santimita 5, gaɓa biyu ke nan. Irin tumatir da barkono da albasa kuwa yayyafa musu ƙasa kawai ake yi. In rami ya yi zurfi, guzuri zai ƙare a hanya, tsiro ya mutu bai ga rana ba, ko ya fito a galabaice. In kuma ya yi sama-sama, ƙasar za ta bushe kafin saiwa ta kama, ko tsuntsu ya tsince. Yaran da ake sa wa shuka suna gaggawa su gama su tafi, ya kamata babba ya bi bayansu a kunyoyin farko.

Akwai kuma ɓawon da ƙasa take yi in an yi ruwa mai ƙarfi sa'an nan rana ta buɗe. Ƙasar da ba ta da taki ta fi yin wannan, sai fuskarta ta yi tauri kamar daɓe, ka tona ka iske tsiro ya nannaɗe a ƙarƙashi ya rasa mafita. Takin gargajiya da barin karmami a gona suna rage shi. Masu renon tumatir da barkono a fangali kuma nasu ciwon daban ne: in suka cika iri wuri guda suka yawaita ban ruwa, sai wata cuta ta kama 'yan tsiron a wuya daidai fuskar ƙasa, su zube kamar an yanke su. Maganinta a rage ruwa, a ba da tazara, a bar iska da rana su shiga.

Masu Nauyin Barci

Ba kowace ƙwayar da ta ƙi fitowa ce matacciya ba. Waɗansu suna da nauyin barci, kuma hikima ce. 'Ya'yan kuka da gawo da bagaruwa suna da ɓawo mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, sai sun bi ta cikin akuya ko saniya, ko sun daɗe a ƙasa ɓawon ya ci. Masu renon itatuwa sukan kankare gefen ɓawon, ko su zuba musu ruwan zafi su bar su su kwana a ciki. Gyaɗa mai yaɗo takan ƙi tsira in an shuka ta da ɗanyen kaka sai ta huta, ita kuwa mai tsayuwa ba ta da wannan hali, shi ya sa takan tsira a ƙasa in ruwa ya riske ta ba a cire ba.

Babbar gwana a wannan fanni ita ce ƙuduji, wadda waɗansu ke kira wuta-wuta. Ƙwayarta kamar ƙura take, guzurinta na 'yan kwanaki ne ƙalilan, saboda haka ba ta yarda ta farka sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara take fitarwa. Tana iya kwanciya fiye da shekara goma tana jira. Malaman gona suna amfani da wannan hali nata su yaudare ta: saiwar waken suya da ta auduga suna fitar da irin wannan sinadari, sai ƙuduji ta farka, ta nemi inda za ta maƙale ta rasa, ta mutu. Ka ga ita ma da ta farka babu komawa. Wannan yana daga cikin amfanin juya shuka a gona shekara shekara.

Gwaji Kafin Ruwa

To yanzu me ya kamata manomi ya yi? Abu ne mai sauƙi, ba ya cin ko kwabo, kuma yanzu ne lokacinsa, mako biyu ko uku kafin shuka. Ka ɗebi iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ka cakuɗa, ka ƙidaya ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, domin in ka tsince masu kyau kanka ka yaudara. Ka jiƙa tsohon buhun algarara ko tsumma mai tsabta, ka matse, ka jera ƙwayoyin goma goma layi goma, ka naɗe, ka ajiye a inuwa. Kullum safe da yamma ka yayyafa ruwa, kada ya bushe, kada kuma ya yi tsamo-tsamo. Gyaɗa da wake sun fi kyau a gwada su cikin yashi a tsohon kwano mai huji a ƙasa. Bayan kwana bakwai, gyaɗa kuma kwana goma, ka ƙidaya waɗanda suka fito da saiwa da kai lafiyayyu. Wanda ya leƙo kawai ya tsaya, kada ka sa shi cikin lissafi, a gona ba zai kai ba.

Shawarata ita ce, in ka sami 85 ko fiye, irinka yana da kyau. In tsakanin 60 da 85 ne, ka ƙara yawan abin da kake jefawa a rami. In bai kai 60 ba, ka kai shi turmi ko kasuwar masu abinci, ka nemi wani tun da sauran lokaci. Irin da ka saya ma ka gwada shi, ko da a fakiti yake, domin ba ka san watannin da ya yi a rana a kan tebur ba. Ka duba alamar hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, da ranar da aka rubuta a jiki. In za ka cuɗa iri da garin maganin ƙwari da cuta, ka bi ƙa'idar da ke jikin takarda, ka wanke hannu, ragowar kuma kada a ci, kada a ba kaji ko dabbobi, guba ne.

Wanda ƙasarsa ta riga ta jiƙu sosai yana iya jiƙa dawa ko gero kamar awa takwas, masara kuma ta kwana, ya baza su su sha iska, ya shuka a ranar, za su riga na wanda bai jiƙa ba fitowa. Amma kada a yi haka in binne za a yi, kada kuma a bari saiwa ta leƙo tun iri yana cikin kwano.

Bara na koma ƙauye ana gab da shuka. Na iske baffana ya bar gyaɗarsa cikin ɓawo a rumbu, sai a makon ne aka ɓare, ga kuma wani tsohon kwano cike da yashi a gindin ɗorawa, jikokinsa suna ƙidaya tsiro. Ya ce, "Ɗana, casa'in da ɗaya." Na ce, "To Baffa, saura ruwa." Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ruwa ba a hannunmu yake ba, amma ƙwaya ɗari da tsumma guda suna hannun kowa.

A mako mai zuwa za mu dubi rage shuka a rami da lokacin da ya dace a sa takin farko. Kafin nan, a huta lafiya.